Dole ne sai an ɗebo nama daga ƙwaƙwalwa kafin a gane ciwon mai ƙanjamau?

*"Likita, barka da aiki. Yayana yana ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma ya daɗe da barin shan maganinsa. Wata guda da ya wuce ya fara ciwon kai mai tsanani, hannunsa na dama ya mutu, sannan ya yi jijjiga. An ɗauki hoton kansa aka ce an ga ƙululu ɗaya a ƙwaƙwalwa, CD4 ɗinsa kuma 38 ne. Sun ba shi maganin wata cuta da suke kira tokso na mako biyu, amma bai samu sauƙi ba, hoton da aka sake ma ya nuna abin ya ƙaru. Yanzu sun ce sai an huda ƙoƙon kai an ɗebo nama an gwada. Mu dai tsoro ya kama mu. Shin babu wata hanyar gane ciwon ba tare da an taɓa ƙwaƙwalwa ba? Kuma jikin da garkuwarsa ta karye zai iya ɗaukar wannan aiki?"*

Malama, Allah ya ba yayanki lafiya, ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da shi. Tambayarki ta ƙunshi abu biyu: ko akwai gwajin da zai iya maye gurbin ɗibar nama, wato abin da likitoci ke kira bayofsi, da kuma ko mutumin da CD4 ɗinsa, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jikinsa, ya faɗi haka zai tsallake aikin lafiya. Ban ga hoton ba, ban kuma duba majinyacin ba, don haka likitocin da ke kansa su ne masu yanke hukunci tare da ku. Amma bisa abin da kika bayyana, shawararsu ita ce wadda ni ma zan bayar, kuma abin da na fi ji wa yayanki tsoro a yanzu shi ne jinkiri, ba allurar ba.

Cututtuka da yawa, hoto iri ɗaya

Mai lafiya yana da ƙwayoyin CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowane maikirolita na jini. Idan adadin ya sauka ƙasa da 200, Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mutum cikin waɗanda cutar ta yi wa nisa, kuma a wannan matakin ne ƙwayoyin cuta da suka daɗe suna kwance a jiki ba sa cutarwa suke samun damar tashi. Ƙululun da aka gani a ƙwaƙwalwar mai irin wannan hali yawanci ɗaya ne daga cikin abubuwa huɗu ko biyar, kuma maganin kowanne daban yake da na ɗan'uwansa.

Wanda ya fi yawa shi ne tokso, cutar da wata ƙaramar halitta mai suna *Toxoplasma gondii* ke haddasawa. Ana ɗaukarta daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu sosai ba, kuma an ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya sun taɓa ɗauka. Takan ƙunshe kanta ta kwanta a ƙwaƙwalwa da tsoka shekaru da yawa, sai CD4 ya sauka ƙasa da 100 ta farka ta fara cin nama. Na biyu shi ne limfoma, wato sankarar fararen ƙwayoyin jini da ke tsirowa a cikin ƙwaƙwalwar kanta, wadda a masu ƙanjamau kusan kullum tana da alaƙa da ƙwayar bairos ta Epstein-Barr, kuma ta fi bayyana idan CD4 ya gaza 50. Na uku shi ne tarin fuka, wanda kan dunƙule a ƙwaƙwalwa ko ya tara mugunya, shi kuwa ba ya jiran CD4 ya faɗi sosai. Akwai kuma cutar da ake kira PML, wadda bairos ɗin JC ke kawowa ta hanyar lalata ƙwayoyin da ke yi wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa rufi, sai kuma funfunar kiriftokokas, da ƙurji na bakteriya, da tunjere, waɗanda ba su kai na farko yawa ba amma ana ganinsu.

Hoton CT ko MRI yana taimakawa ƙwarai, sai dai bai isa ya yanke hukunci ba. PML ta fi sauƙin rarrabewa, domin ba ta cika kumbura ko ture naman da ke kusa da ita ba, kuma ba ta cika shan ruwan rinin da ake sa wa majinyaci a jijiya kafin hoto ba. Wahalar tana tsakanin tokso da limfoma da tarin fuka, domin dukansu ukun suna iya fitowa a hoto kamar zobe mai haske, tsakiyarsa duhu, kewaye da kumburi. Muna da alamomin da muke dogara da su: tokso takan zo da tabo fiye da ɗaya, a can cikin ƙwaƙwalwa ko a iyakar ɓawonta, limfoma kuwa takan zo guda ɗaya babba, kusa da ramukan da ruwan ƙwaƙwalwa ke taruwa. Amma tokso na iya zuwa da tabo ɗaya tak, limfoma ma na iya zuwa da uku ko huɗu, kuma duk wanda ya daɗe yana karanta waɗannan hotuna ya ga inda ƙwararru biyu suka saɓa a kan hoto guda. Akwai hotuna na musamman, irin su PET da wanda ake yi da sinadarin taliyom, da kan nuna limfoma ta fi haske saboda ƙwayoyinta suna aiki da sauri, amma su ma ƙarfafa zato kawai suke yi.

Mako biyun nan gwaji ne

Wataƙila a ranku kuna ganin an ɓata mako biyu ana ba shi maganin ciwon da ba shi ne ke damunsa ba. Ba haka abin yake ba. Tunda tokso ce ta fi yawa, kuma maganinta yana aiki da sauri, an daɗe da amincewa cewa a fara ba da shi a ga abin da zai faru, maimakon a kai kowa ɗakin tiyata. Binciken da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa cikin waɗanda maganin ya yi wa aiki, kusan 9 cikin 10 sun nuna sauƙi kafin kwana 14 su cika, da yawansu ma tun a makon farko. Saboda haka rashin samun sauƙi bayan wannan wa'adi shi kansa sakamako ne, kuma abin da yake nufi shi ne a daina zaton tokso a nemi wani abu.

Sai dai kafin in yarda cewa gwajin ya gaza, akwai abubuwan da nake tantancewa, kuma ya kamata ku ma ku tabbatar da su. Shin maganin ya shiga jikinsa da gaske, ko amai yana fitar da shi? Shin an ba shi adadin magani ne ko adadin rigakafi? Wannan na biyun yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan Septrin aka ba shi, ƙwaya ɗaya mai miligiram 960 a rana rigakafi ce kawai, adadin magani ga babban mutum kuwa ya kai kusan ninki huɗu na wannan, gwargwadon nauyin jikinsa. Idan kuma firimetamin da salfadayazin aka haɗa masa, dole a haɗa da folinik asid domin kare ɓargo. Haka nan akwai gwajin jini da ke nuna ko jikin mutum ya taɓa haɗuwa da tokso. Idan gwajin nan bai nuna komai ba, ko kuma majinyacin yana shan Septrin na rigakafi kullum kafin ciwon ya fara, to yiwuwar tokso ta ragu sosai tun daga farko. Ƙungiyar Likitocin Jijiya ta Amurka ta fitar da jagora kan wannan batu a 1998, kuma a cikinsa an ba da shawarar a hanzarta bayofsi ga wanda yake da tabo ɗaya kuma jininsa bai nuna tokso ba, ba tare da jiran mako biyu ba. Yayanki yana da tabo ɗaya, CD4 ɗinsa bai kai 50 ba, abin kuma ya ƙaru duk da magani. Waɗannan ukun tare su ne suke sa likita ya sa limfoma a gaba, ko da yake tarin fuka ma bai fita daga lissafi ba.

Akwai magani ɗaya da nake so ki tambaya a kansa da sunansa, wato dekzametazon, ko kowane irin sitiroyid. Ana ba da shi domin rage kumburin ƙwaƙwalwa, kuma idan kumburin ya yi barazanar danne cibiyar numfashi, ba da shi ceton rai ne, babu ja. Amma idan aka ba da shi ba tare da wannan larura ba, yana ɓata bincike ta hanya biyu. Na farko, kowane majinyaci yakan ji sauƙi idan kumburi ya sauka, ko mene ne ciwonsa, sai a ɗauka maganin tokso ne ya yi aiki. Na biyu, sitiroyid yana kashe ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, har ƙululun ya ƙanƙance ko ya ɓace daga hoto, idan kuma aka ɗebo nama a wannan lokaci ba za a tarar da komai ba sai gawar ƙwayoyi. A aikina na sha karɓar majinyatan da aka turo bayan an sallame su ana murnar sun warke, sai bayan wasu makonni su dawo ciwon ya fi na da girma, an kuma rasa lokacin da ya fi dacewa a gane shi. Wannan yana ci mini rai a duk sa'ad da na gan shi, domin kuskure ne da ake iya kauce masa.

Hanyoyin da ba sa buƙatar tiyata

Akwai su, kuma wajibi ne a bi su kafin a kai ga allura. Abu na farko shi ne a duba sauran jiki, domin wani lokaci ciwon da ke ƙwaƙwalwa ya bar sawu a wurin da ya fi sauƙin kaiwa. Hoton ƙirji, da gwajin majina na GeneXpert, da gwajin fitsari na LAM, suna iya tona tarin fuka. Kaluluwar da ta kumbura a wuya ko hammata ta fi ƙwaƙwalwa sauƙin ɗiba nesa ba kusa ba. Gwajin kiriftokokas a jini yana fitowa cikin mintuna, likitan ido kuma yana iya ganin ƙwayoyin limfoma a cikin ruwan ido a wasu majinyata.

Sai ruwan laka, wanda ake ɗiba da allura ta ƙasan baya. A cikinsa ana iya neman bairos ɗin JC da na Epstein-Barr da tokso da tarin fuka ta gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar halittarsu, a kuma duba ko akwai ƙwayoyin sankara. Idan aka samu JC a ruwan mutumin da hotonsa ya yi kama da PML, magana ta ƙare, ba a buƙatar bayofsi. Idan aka ga ƙwayoyin limfoma ƙarara, nan ma an huta. Amma wannan hanya tana da iyaka biyu. Gwajin tokso a ruwan laka yakan kasa ganin cutar a kusan rabin masu ita, samun Epstein-Barr kuma shi kaɗai bai isa a ɗora mutum a kan maganin sankara mai ƙarfi ba, domin ana samunsa a ruwan waɗanda ba su da limfoma. Iyaka ta biyu ta fi tsanani: idan ƙululun babba ne kuma ya ture ƙwaƙwalwa gefe, ɗibar ruwa daga ƙasa tana iya sa ƙwaƙwalwar ta zame ta danne kanta, wanda kan jawo mutuwa nan take. Idan ba a yi wa yayanki wannan gwaji ba, mai yiwuwa dalilin ke nan, kuma ya dace ki tambaya a yi miki bayani.

Idan an bi duk waɗannan ba a samu amsa ba, sai a koma ga naman kansa, domin gani ya kori ji.

Yadda aikin yake

Abin da mutane ke hangowa idan an ce tiyatar ƙwaƙwalwa shi ne a buɗe kai a yanka. Bayofsin da ake yi a irin wannan hali ba haka yake ba. Ana ɗaura wa majinyaci wani firam na ƙarfe a kai, irin wanda likitan Suwidin Lars Leksell ya ƙirƙiro a 1949 aka kuma ci gaba da inganta shi, a ɗauki hoto da shi a kan, sai kwamfuta ta lissafa ainihin inda tabon yake da hanyar da allura za ta bi ba tare da ta taɓa manyan jijiyoyin jini ba. A wasu asibitoci na'urar da ke bin kan majinyaci da kyamara ta maye gurbin firam ɗin. Ana huda ƙaramin rami a ƙoƙon kai, faɗinsa bai cika wuce santimita ɗaya da ɗoriya ba, a zura allura mai kaurin kusan milimita 2, a yanko 'yan siraran nama kaɗan. Naman ƙwaƙwalwa ba ya jin zafi, don haka ana iya yin aikin da allurar kashe zafi a fata kawai, ko da yake ga wanda ya ruɗe ko ba ya iya natsuwa gara a sa shi barci. Yawanci sa'a ɗaya zuwa biyu ya ishe shi, sannan a sake hoto a tabbatar babu zubar jini, a kwana ana sa masa ido.

Ingancin sakamako ya dogara da yadda aka ɗebo naman da kuma inda aka kai shi. Tsakiyar zoben nan matattun ƙwayoyi ne, ba za su faɗa maka komai ba, don haka a bakin zoben ake nema, a wurare fiye da ɗaya. Idan da hali, masanin nama yakan duba ɗan kaɗan a madubin likita tun majinyaci yana kan gado, domin a tabbatar allurar ta sauka a kan ciwon. Abin da nake nanata wa ƙananan likitoci kullum shi ne kada a zuba dukan naman a fomalin, ruwan da ake adana nama a ciki, domin fomalin yana kashe ƙwayoyin cuta, ba za su tsiro a ɗakin gwaji ba. Dole a ware wani sashe ɗanye a aika domin neman tarin fuka da funfuna da bakteriya. Cikakken rahoto yakan ɗauki kwanaki zuwa mako guda ko fiye, saboda rini na musamman da ake yi domin tabbatar da nau'in limfoma ko gano bairos, tsiron tarin fuka kuwa yana iya kaiwa mako shida.

Haɗarinsa, da inda yake gazawa

Ba zan ce miki babu haɗari ba. Wani bita da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara bayanan masu HIV sama da 1,200 da aka yi wa wannan aiki, ya nuna cewa an gano ciwon a kusan 9 cikin 10, kusan 6 cikin 100 sun samu wata matsala, kusan 1 cikin 100 kuma ya rasu sanadiyyar aikin. Babbar matsalar ita ce zubar jini a inda allurar ta shiga, wadda kan iya ƙara raunin hannu ko ƙafa, ko ta taɓa magana. Ƙarancin CD4 shi kaɗai ba ya hana aikin, kuma shigar ƙwayar cuta ta wannan ƙaramin rami ba kasafai take faruwa ba, ko ga mai raunin garkuwa. Abin da likitan tiyata ya fi dubawa shi ne daskarewar jini, domin HIV kan rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, kuma yawancinmu muna son su kai 100,000 kafin a shiga. Saboda haka ku gaya wa likitoci duk abin da yake sha, har da asfirin da magungunan ciwon jiki da na gargajiya. Wurin da tabon yake ma yana da tasiri, wanda ke kusa da saman ƙwaƙwalwa ya fi sauƙin kaiwa fiye da wanda ke gindinta.

Akwai kuma wancan ɗaya cikin goma da ake yi wa aikin a rasa amsa, ko dai allurar ta kauce kaɗan, ko sitiroyid ya riga ya share shaidar, wani lokaci har sai an maimaita. Mai ƙanjamau kuma yana iya ɗaukar ciwo biyu a ƙwaƙwalwa a lokaci ɗaya, allurar kuwa abin da ta taɓa kawai take faɗa. Bayofsi ba magani ba ne, ƙululun yana nan bayan an gama. Ba na ba da shawararsa ga wanda jikinsa ya yi raunin da ba zai ɗauki maganin da sakamakon zai nuna ba, ko wanda ya fahimci komai ya ce ba ya so. Muddin yayanki yana cikin hayyacinsa, shi ne mai ba da izini, kuma a yi masa bayani da kansa, kada a tsaya a kanku kaɗai.

Abin da sanin sunan ciwon zai canza

Idan limfoma ce, maganinta metotirekzet ne mai yawa ta jijiya, wani lokaci tare da maganin rituksimab ko gasa ƙululun da haske, kuma babu likitan da zai ba da waɗannan bisa zato. Kafin zuwan haɗaɗɗen maganin HIV a 1996, masu wannan sankara ba sa cika wuce 'yan watanni ba, abin da ya sa likitoci da yawa a lokacin suke ganin bayofsi wahalar banza ce. Yau lamarin ya sauya, domin haɗa maganin sankarar da na HIV yana ba wasu majinyata shekaru masu yawa, musamman waɗanda aka fara wa tun kafin su kwanta. Idan tarin fuka ne, magani ne na wata 9 zuwa 12, kuma rifamfisin da ke cikinsa yana rage ƙarfin maganin HIV mai suna dolutegirabir, sai an mayar da shan dolutegirabir ɗin sau biyu a rana. Idan PML ce, babu abin da ya fi farfaɗo da garkuwar jiki da gaggawa. Har lokacin komawa kan maganin HIV ya danganta da wannan amsa: a limfoma da PML ba a jira, a sanƙarau na kiriftokokas kuwa ana jinkirtawa mako 4 zuwa 6, domin garkuwar da ta farfaɗo da sauri tana iya ƙara kumburin ƙwaƙwalwa.

A inda babu likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, abin da ake yawan yi idan maganin tokso ya gaza shi ne a gwada na tarin fuka. Na fahimci dalilin, kuma idan babu wata mafita ba na zargin wanda ya yi. Amma wannan gwaji ba shi da wa'adi mai kyau irin na tokso, domin ƙululun tarin fuka yana ɗaukar watanni kafin ya ragu, wani lokaci ma yakan fara ƙaruwa ana tsakiyar maganin da ya dace, kuma yawanci ana haɗa shi da sitiroyid. Idan limfoma ce, kafin a gane an yi kuskure an rasa watannin da majinyacin ba shi da su. Tunda ku an ba ku damar bayofsi, ina ganin karɓarta ya fi.

Kafin ranar aikin, ku tambayi likitan tiyata inda tabon yake da abin da zai iya taɓuwa idan jini ya zuba a wurin, ko an duba daskarewar jininsa, ko yana kan sitiroyid kuma ko za a iya rage shi lafiya kafin aikin, da kuma ko asibitin yana da maganin limfoma ko za a tura ku wani wuri idan ita ce. Kada ku dakatar da maganin tokso ko na jijjiga da kanku yayin da ake jiran sakamako. Idan kuma kuka ga barci yana rinjayarsa har ana wahalar tashinsa, ko amai ya tsananta, ko ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗayar buɗewa, ku kira likita a take ko da tsakar dare ne, domin a wannan hali ana ba da sitiroyid nan da nan, kuma mai yiwuwa a buɗe ƙoƙon kan a rage matsin, a ɗebo naman a aiki guda.